Babur Mai Caji a Hanyar Aiki daga Ungogo zuwa Birnin Kano

Babur mai caji abin hawa ne mai ƙafa biyu wanda batir ke tafiyar da shi a maimakon fetur. Abubuwa huɗu ne ginshiƙinsa: batir, da injin lantarki wanda galibi yake cikin cibiyar tayar baya, da wani ɗan akwati mai raba wuta tsakanin batir da inji, wanda makanikai ke ce wa kwantirola, sai caja. Ba shi da fulogi, ba kafireto, ba salansa, ba juyen baƙin mai. Abin da ke shigowa kasuwa da wannan suna iri uku ne, kuma rashin bambance su yakan jawo asara. Akwai keke mai feda wanda aka ƙara wa ƙaramin inji don ya rage wa ƙafa aiki. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tsayar da ƙarfinsa a wat 250, kuma injin yana janye taimako da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. Akwai mai siffar roba-roba, wanda ba a taka masa feda, totur kawai ake murɗawa. Na uku shi ne babba, wanda aka ƙera don ya yi aikin da Boxer da Jincheng ke yi, kuma kuɗinsa ya fi na sauran nesa ba kusa ba. Galibinsu daga ƙasar Sin suke fitowa, inda kekuna da baburan lantarki da ke bisa titi suka haura miliyan 300.

Ƙaramar hukumar Ungogo tana cikin wuraren da wannan abin hawa ya fi dacewa da su, domin a nan gona da birni suka haɗa kafaɗa. Ta kewaye Kano ta arewa, ta ɗan zagayo yamma, daga Rijiyar Zaki a kan titin Gwarzo, zuwa Bachirawa da Tudun Fulani ta wajen titin Katsina, har Fanisau da Rangaza da Zango da Gayawa. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 360,000, kuma tun daga lokacin unguwanni suke ta cinye gonaki. Kai-da-komon mutanenta zuwa birni tsohon abu ne. A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello sun fitar da wani bincike a kan ƙasa da jama'ar gundumar Ungogo, a zamanin da jaki ne babbar motar hanyar: ya shiga birni da itace da hatsi, ya fito da taki zuwa gona. Bayan jaki keke ya karɓa, bayan keke babur. A yau masu bin hanyar su ne malaman makaranta, da ma'aikatan Sakatariyar Audu Bako, da yaran shago a Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, da birkiloli da kafintoci, da ma'aikatan kamfanonin Bompai. Yawancinsu tafiyarsu ba ta wuce kilomita 10 zuwa 15 a zuwa, kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa mai wahalar da inji.

Abubuwa biyu ne suka sa mutane fara waiwayar batir. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur a birni da kewaye, sai adaidaita sahu ta maye gurbin acaɓa. Wanda ke zaune can ciki, nesa da kwalta, sai ya taka zuwa bakin titi, sa'annan ya hau sau biyu ko uku kafin ya isa wurin aiki. Daga Yulin 2022 kuma aka hana adaidaita zirga-zirga daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, abin da ya taɓa masu aikin dare da masu sammako. Na biyu shi ne janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Albashi bai bi ta da wannan gudu ba.

Lissafin farko yana faranta rai, shi ya sa yake saurin jan mutum. A ɗauki mai tafiyar kilomita 25 a rana, zuwa da dawowa. Baburin fetur mai lafiya yakan yi kilomita 40 ko ɗan fiye da lita guda, wato zai sha kashi shida cikin goma na lita. Idan lita tana naira 1,000, ya kashe 600. Mai caji mai siffar roba-roba yakan ci wat-awa 20 zuwa 30 a kowace kilomita, idan aka haɗa da abin da ke salwanta a caja, tafiyar yini ba ta cika yunit ɗaya na mita ba. Ko da farashin wutar lantarki na rukunin A, mafi tsada, wanda ya tsaya a wajen naira 210 kan yunit a tsakiyar 2024, kuɗin bai kai naira 200 ba. A wata mai kwanakin aiki 26, bambancin ya haura naira 10,000, ban da kuɗin baƙin mai da fulogi.

Amma wannan rabin lissafi ne. Ainihin man babur mai caji shi ne batirin kansa, sai dai a dunƙule ake biyan kuɗinsa. Kowane caji da sauka yana rage masa kwana, kuma ranar da ya mutu, sabo yakan ci wani babban kaso na kuɗin baburin gaba ɗaya. Don haka ya wajaba tun ranar saye a tambayi farashin sabon saitin batir, a raba shi da watannin da ake sa ran zai yi, a riƙa ware wannan kuɗi duk wata, ko a asusu ko a adashi. Wanda ya cinye rarar fetur duka a cefane, bayan shekara guda zai iya wayar gari da babur a jingine ba shi da halin tayar da shi. Riba tana nan bayan an cire kuɗin batir, amma ba ta kai yadda ake kururuta ta ba.

Babbar tambaya ita ce inda za a sami wuta, kuma ita ya kamata a amsa kafin a je ga launi da siffa. Kamfanin KEDCO, mai raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, yana aiki da tsarin rukuni-rukuni na ƙasa: rukunin A an yi masa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Cajar da ke zuwa da irin waɗannan babura takan ɗauki awa bakwai zuwa takwas kafin ta cika batirin da ya sauka sosai, wajen awa huɗu kuma don mayar da abin da tafiyar kilomita 25 ta ci. Gidan da wuta ke zuwa masa awa huɗu, a lokacin da ba a sani ba, wani sa'in da rana tsaka lokacin da baburin yana birni, bai isa a dogara da shi ba. A ƙarshen Oktoban 2024 ma, sanadiyyar lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa, Kano ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Mai niyyar saye ya kamata ya yi wata guda yana lura da layinsu: yaushe ake kawowa, awa nawa take yi, da ƙarfi take zuwa ko raunanniya. Raunanniyar wuta mai hawa da sauka tana ƙona caja, shi ya sa sitabilaiza ke cikin kayan da ake saye tare da baburin.

Janareta ba mafita ba ce, sai idan dama a kunne take don wani aiki. Ƙaramar janareta takan sha wajen rabin lita a awa. Awa huɗu na caji lita biyu ke nan, kuma lita biyu a tankin baburin fetur za ta yi kilomita 80. Wanda ya tayar da janareta musamman don cajin babur ya kashe ninki uku na abin da ya guje wa. Sola ta fi ma'ana, domin ranar Kano mai ƙarfi ce: faranti ɗaya mai wat 300 yana iya ba da fiye da yunit guda a yini. Matsalarta ita ce lokaci. Rana tana fitowa ne sa'ad da baburin ya bar gida, don haka sai an tanadi wani batirin gida da inbata su tara wutar har dare, kuma wannan ƙarin kuɗi ne babba. Abin da ya fi sauƙi ga da yawa shi ne caji a wurin aiki. Ofis ko shago ko makarantar da ke kan layi mai kyau, ko take da sola, ita ce tashar mai ta gaskiya, domin baburin yana tsaye a can daga safe zuwa la'asar. Kyautatuwa ya yi a nemi izinin maigida ko shugaban wurin a fili, a yanka abin da za a riƙa biya a wata, kada abin ya zama satar wuta ko sanadin ɓacin rai. A wasu ƙasashe an bi wata hanya dabam: kamfanin Ampersand a Kigali tun 2019, da Spiro a Benin da Togo, suna riƙe batura a tashoshinsu, mai babur ya kawo wanda ya sauka ya karɓi cikakke cikin 'yan mintuna. Irin wannan tsari yana amfani ne kawai idan tashar tana kan hanyar mutum, kuma batirin kamfanin kaɗai baburin ke karɓa.

Batir iri biyu ne. Na dalma, ɗan'uwan batirin mota, shi ne a cikin masu araha. Guda-guda yake zuwa, kowane bolt 12, a jera huɗu su ba da 48, biyar 60, shida 72. Ana sanin abin da yake ɗauka ta hanyar ninka bolt da amfiya-awa da aka rubuta a jikinsa: 60 sau 20 ya ba da 1,200, wato yunit ɗaya da ɗan ɗori. Saitin biyar ya haura kilo 30, kuma yakan jure caji 300 zuwa 500, wanda ga mai fita kullum shekara ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi. Ba ya son a sauke shi ƙasa da rabi a kai a kai, kuma abin da ya fi kashe shi shi ne a bar shi kwana da kwanaki babu caji. A nan ne rashin wuta ke cutarwa sau biyu: ya hana fita yau, ya kuma rage wa batirin rai. Na litiyam nauyinsa wajen sulusin wannan ne, ya fi daɗewa, ya fi tsada. Shi ma kala-kala ne. Wanda aka rubuta wa LFP yana iya haura caji 2,000, kuma ya fi sauran jure zafi da wuyar kamawa da wuta. A yanayin Kano shi ne zaɓin da ya fi, ga mai hali. Araha ba ta ado, balle batirin litiyam marar suna da aka harhaɗa daga tsofaffin ƙwayoyin kwamfuta.

Zafi abokin gabar duka biyun ne. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, kuma an san cewa ƙarin digiri takwas zuwa goma a kan 25 yana raba kwanan batirin dalma biyu. Na litiyam kuma ba a son a yi masa caji idan zafinsa ya haura 45. Don haka a nema wa babur inuwa a wurin aiki, ko gindin darbejiya ne, kuma idan an dawo gida a bar shi ya huce kamar rabin awa kafin a jona. Caja kuwa tasa kaɗai za a yi amfani da ita. Bakin caja yana iya shiga daidai alhali bolt ɗinta ya bambanta, kuma cajar dalma ba ta dace da litiyam ba.

Batun gobara ba abin wasa ba ne. A birnin New York na Amurka, a 2023 kaɗai, baturan litiyam sun haddasa gobara 268 da ta kashe mutum 18. A Nanjing ta ƙasar Sin, a Fabrairun 2024, wutar da ta tashi daga inda ake ajiye baburan caji a ƙasan wani bene ta hallaka mutum 15. Ginin gidan Bahaushe yana da wani haɗari nasa: ƙofa ɗaya ce, ta zaure, kuma a zauren ake kwantar da babur. Idan batir ya kama a can cikin dare, ya toshe hanyar fita ga mata da yara duka, ga hayaƙi mai guba. A gidajen ƙauye kuma ga kara da harawa a jibge bayan kaka. Wurin caji shi ne fili a tsakar gida, ƙarƙashin rumfar kwano, a kan ƙasa ko siminti, nesa da ɗakin kwana da abincin dabbobi, da soket mai kyau, ba wayar da aka murɗa aka naɗe da leda ba. Batirin da ya kumbura, ko yake wari, ko ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, a daina jona shi nan take. In wuta ta tashi, a fara fitar da mutane, a kashe wutar gidan, a kira 'yan kwana-kwana.

Nisan da mai sayarwa zai faɗa an auna shi ne da sabon batir, da mahayi marar nauyi, a kan kwalta mai santsi, da gudu kaɗan. Hanyar Ungogo ba haka take ba. Daga ƙofar gida zuwa bakin titi sau da yawa burji ne ko yashi, kuma yashi yana shan wuta fiye da komai. Buhun hatsi a baya, da tayar da ba ta cika iska ba, da fizgar totur a cunkoson Kurna da Rijiyar Lemo, duk suna rage nisa. Ƙa'ida mai kyau ita ce a cire sulusin abin da aka faɗa, sa'annan a tabbata tafiyar yini ba ta wuce rabin abin da ya saura ba sai kaɗan, domin bayan wata shida batirin ba zai zama na ranar farko ba. Mai aiki a Fagge ko Bompai yana cikin wannan iyaka. Mai ratsa birni zuwa Sharaɗa ko Challawa sai dai da babban batir ko da tabbacin caji a can. Ɗan lambun bakin kogin Jakara mai kai kaya kasuwar 'Yankaba, da duk mai ɗaukar nauyi a hanyar yashi, ƙaramin mai caji ba nasu ba ne. A wurin saye a duba ranar ƙera batir, domin na dalma yana lalacewa ko a cikin shago, a kuma nemi garantin batir a rubuce, dabam da na babur.

Damina tana da nata sharaɗi. Yayyafi da ruwan sama ba sa cutar da babur mai kyau, amma kutsawa cikin ruwan da ya kwanta, irin na watan Agusta, yana cutarwa. Idan ruwa ya kai cibiyar taya, a juya ko a nemi wata hanya, domin in ya shiga inji ko kwantirola, ɓarnar takan ɓoye sai bayan kwanaki. Ba a wanke shi da tiyo mai ƙarfi, ba a jona shi yana jiƙe. Da hunturu ƙura ke shiga makunnai da bakin caji, sai a riƙa gogewa ana rufewa. Ƙaya kuma ba ta da lokaci. Facin tayar baya ya fi na baburin fetur wuya, saboda wayoyin inji ta cikin gindin tayar suke fitowa, kuma mai facin da bai saba ba yana iya tsinke su. Taya marar tif ta fi, domin ana toshe hudarta ba tare da an kwance ta ba.

A kan titi, shirunsa shi ne daɗinsa, shi ne kuma haɗarinsa. A lungun ƙauye yara da awaki da tsofaffi da kunne suke kauce wa babur. Wannan ba a jin zuwansa. Dole mahayi ya rage gudu a kwana, ya saba da danna oda tun daga nesa. Akwai kuma abin da sababbin mahaya ke mantawa: idan makulli yana kunne, babur a shirye yake ko da ba ya ƙara, yaro yana murɗa totur zai zabura. A kashe, a zare makulli, ko tsayuwar minti ɗaya ce. A titin Katsina, inda tireloli da motocin Dawanau ke gudu, mai caji ƙarami ba shi da ƙarfin da zai fizga ya tsere, don haka gefen dama ne wurinsa, ba ya shiga tsakanin manyan motoci biyu, ba ya tsayawa a gefen tirela a kwana. Sakin totur ba ya riƙe shi kamar yadda giya ke riƙe na fetur, nauyin tsayawa duk a kan birki yake, sai a riƙa duba shi duk mako. Bakin babbar riga da mayafi a tattare su kada taya ta kama. Hular kwano kuwa, tun da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta a Janairun 2009 ba ta sami karɓuwa a Kano ba, alhali binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna tana rage mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Kwalta ba ta tambayar ko da fetur aka faɗo ko da batir.

Ta fuskar hukuma, abin da ya yi kama da babur, yake gudu kamar babur, jami'an KAROTA masu kula da titi da 'yan sanda babur za su ɗauke shi, kuma dokar hana ɗaukar fasinja ta shafe shi. A riƙe rasit mai ɗauke da lambar jikin babur da ta inji, a je ofishin lasisi a yi abin da ya kamata tun da wuri. Ɓarawo kuma batir ya fi so, domin shi ne mai kuɗi kuma shi ya fi saurin shiga kasuwa. Akwatinsa yana buƙatar kwaɗo nasa, kuma a kasuwa gara a biya mai gadin babura.

Gyara shi ne inda wannan abin hawa bai gama zama ɗan gari ba. Kowane bakanike a bakin titi ya san Boxer ciki da waje, amma matsalar mai caji ta wuta ce, ta fi kusa da aikin mai haɗa sola da inbata. Kafin a biya kuɗi a tabbata dillalin yana da kwantirola da caja da totur da takalmin birki a shagonsa, kuma ya nuna wanda ke gyarawa. Idan saitin dalma ya raunana, ba a canza guda ɗaya a bar sauran, domin tsofaffin za su janyo sabon ƙasa. Duka ake canzawa tare. Matattun kuma suna da kuɗi, ana rage su a farashin sababbi ko a sayar wa masu sayen tsohon batir. Abin da ba a yi shi ne fasa su a gida, ko zubar da ruwansu a ƙasa kusa da rijiya, ko narka dalmar a murhu. Gubar dalma ta fi kama ƙananan yara, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba ta da wani ma'auni da za a ce ba ya cutarwa. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. Tsohon batir a ajiye shi a tsaye, a inda yaro ba ya kaiwa, har ranar da za a mayar wa dillali.